Kama da Wane Ba Ta Wane: Darasin Gadon Aji da Gonakin Arewacin Kano

Duk wanda ya taɓa zaman koyon rubuta manhaja, a jami'a ne ko a kwalejin ilimi ko a ɗan shagon koyar da kwamfuta na bakin titi, ya san wannan atisaye. Malami zai zana akwati uku a allo, wani ƙarƙashin wani. A na sama ya rubuta Dabba, a na tsakiya Mai Shayarwa, a na ƙasa Kare. Dabba tana numfashi, mai shayarwa tana shayarwa, kare yana haushi. Daga nan sai a nuna wa ɗalibai abin mamakin: kare ya sami numfashi ba tare da an sake rubuta masa ba, domin ya gaje shi daga kakarsa ta hannun uwarsa. Ɗalibai su kwafa, kwamfuta ta fito da layi uku, a ba da maki, a wuce. Sunan wannan darasi gado mai hawa-hawa. Idan an gaji da kare sai a kawo Abin Hawa, Mota, Motar Haya, ko kuma Kaka, Uba, Ɗa.

Babu ƙarya a cikin atisayen. Laifinsa shi ne an zaɓo masa misalin da ba zai taɓa karyewa ba. Kare ba zai wayi gari ya daina zama dabba ba, don haka ɗalibi yana gama darasin ba tare da ya ga ranar da gado yake cutarwa ba. Ya iya rubuta sarƙar, amma bai san lokacin da ya kamata ya ƙi rubuta ta ba, alhali wannan hukuncin shi ne ainihin sana'ar. Ɗalibin da ya tashi a Bichi ko Ɗambatta ko Makoɗa ko Minjibir kuwa, in ya sami aiki, ba rajistar karnuka za a ba shi ba. Za a ce ya rubuta manhajar ƙungiyar manoma, ko ta rabon taki, ko ta bashin noma. Abu na farko da zai yi shi ne abin da aka hore shi a kai: ya zana akwati uku.

Abin da gado yake yi

A salon rubuta manhaja da ake ginawa a kan abubuwa, kowane abu yana ɗauke da bayanansa da ayyukansa wuri guda. Zubin da ake fitar da abubuwa iri ɗaya daga cikinsa shi ake kira aji. Aji kamar akwatin buga bulo yake: shi ɗaya ne, bulon da yake fitarwa ba iyaka. Gado kuwa shi ne a ce wannan aji wani nau'i ne na wancan, saboda haka duk abin da wancan yake da shi wannan ma ya samu, sai dai ya ƙara nasa ko ya sauya wani aikin da ya gada. Idan aji na uku ya gaji na biyu, na biyu kuma ya gaji na farko, an sami hawa uku.

Dabarar ta fito ne daga Oslo ta ƙasar Norwe, inda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙiro harshen Simula 67 a 1967. Daga can ta shiga Smalltalk da C++, sannan Python a 1991 da Java a 1995, harsuna biyun da aka fi koyar da ita da su a yau. Amfaninta a fili yake. Abin da aka rubuta sau ɗaya a sama ba sai an maimaita shi a ƙasa ba, kuma manhaja za ta iya karɓar jika a duk inda take tsammanin kaka. Wannan amfani na biyu shi ne babba, shi ne kuma atisayen kare ya fi yin watsi da shi.

Kalmar da take yaudara

Ɗalibi Bahaushe yana zuwa da cikakkiyar fahimtar gado tun daga gida, kuma kusan duk abin da ya sani game da shi akasinsa ne yake faruwa a kwamfuta. A shari'a ba a gado sai mai dukiya ya rasu. Ana fara biyan bashinsa, a fitar da wasiyya, sannan a raba abin da ya rage, kowa da kasonsa ƙayyadajje: matar mamaci tana da ɗaya bisa takwas in akwai 'ya'ya, namiji yana da rabon mata biyu, jika kuma ba ya gadon kakansa muddin akwai ɗan mamacin namiji a raye. Da zarar an raba, abin da magaji ya karɓa ya zama nasa, mamaci ba zai dawo ya sauya iyakar gona ba.

A manhaja uban yana nan da ransa. Ba a raba komai, kowane ɗa yana ɗaukar dukiyar gaba ɗayanta, har da bashin. Babu mai toshe jika, yana kwasar na kaka da na uba duka. Mafi haɗari, duk ranar da aka taɓa wani abu a ajin kaka, halin jikokinsa ya sauya nan take, ko da ba wanda ya buɗe shafinsu. In ana neman kwatancinsa a rayuwar karkara, ya fi kusa da gandu: 'ya'ya suna noma ƙarƙashin maigida, shi yake yanke abin da za a shuka, shawararsa kuma tana hawa kan kowa har jikoki. Malamin da ya rubuta Kaka, Uba, Ɗa a allo ya ce ga gado nan, ya dasa wa ɗalibi kuskure biyu lokaci guda. Ya sa shi zaton gadon aji kyauta ce da ake karɓa a wuce, alhali igiya ce da take ɗaure jika da kaka har abada. Ya kuma ɓata ma'anar alaƙar kanta, domin ɗa ba nau'in ubansa ba ne, mutum ne daban.

A kai sarƙar gona

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano, har zuwa Gezawa da Minjibir da Dawakin Tofa da Ɗambatta, tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkoso a Afirka ta Yamma. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya fara nazarin yankin tun a shekarun 1960, kuma abin da ya yi ta nunawa shi ne yadda ake nome gona ɗaya kowace shekara ba hutu amma ba ta mutu ba. Sirrin haɗi ne. Takin dabbobi da sharar gida suna komawa gona, harawar wake da ta gyaɗa tana komawa ga dabbobi, gawo da ɗorawa da kuka suna tsaye a tsakiyar shuka, amfanin gona kuma iri-iri ne a fili guda.

A ɗauka an ce wa wani matashi ya rubuta manhajar rajistar gonakin wata ƙungiyar manoma a wannan yanki. Da horon da ya samu, ga abin da hannunsa zai fara rubutawa a Python:

class Gona: ...
class GonarHatsi(Gona): ...
class GonarGero(GonarHatsi): ...

Ya yi kyau a ido, hawa uku cif, malaminsa zai ba shi cikakken maki. Sai manomi na farko ya zo rajista. A gonarsa akwai gero da za a girbe tun ruwa bai ɗauke ba, akwai dawa da za ta kai kaka, akwai wake da aka soka a tsakani, ga gyaɗa a gefe guda. A wane aji za a sa ta? In an ce GonarGero ce, wake da gyaɗa sun ɓace daga lissafi. In an ce a ƙirƙiro wa kowane haɗi ajinsa, amfanin gona huɗu kaɗai suna ba da haɗi 15.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Gona tana zuwa hannun manomi ta hanyoyi daban-daban: gado, saye, aro, haya, jingina. Wanda yake noma gonar aro ba zai ba da ita a matsayin lamunin bashi ba, don haka dole manhajar ta san bambancin. Hanyoyi 5 sau haɗi 15 sun zama 75. A ƙara bambancin tudu da fadama, an kai aji 150, kafin a zo maganar bishiyoyin da wani lokaci mai su daban ne da mai noma ƙasar. Sarƙar gado tana iya jera abubuwa ta fuska ɗaya kawai, gona kuwa tana da fuskoki da yawa, kuma kowace tana sauyawa ba tare da jiran 'yar'uwarta ba.

Sauyin shi ne ya fi karya tsarin. Abu ba ya sauya ajinsa cikin sauƙi bayan an ƙirƙire shi, a Java ma ba ya sauyawa ko kaɗan. Amma gonar da take jingina bana, baɗi mai ita zai fanshe ta. Wadda aka shuka gero a cikinta za ta koma ta gyaɗa. Wadda take ɗaya yau za ta zama biyar ranar da aka raba gado. Shi kansa manomin haka yake: da damina manomi ne, da rani ɗan ci-rani ne a birni ko mai awo a kasuwar Dawanau, yana kuma turke rago don Sallah. Sarƙar Mutum, Manomi, ManominHatsi za ta tilasta masa ya zaɓi suna ɗaya, sauran rayuwarsa ta faɗi ƙasa.

Wannan ba damuwar masana kaɗai ba ce. Tun daga 2012, lokacin da Ma'aikatar Gona ta Tarayya ƙarƙashin Akinwumi Adesina ta fara raba tallafin taki ta saƙon wayar salula ga manoman da aka yi wa rajista, samun manomi ya fara rataya a kan yadda aka rubuta shi a kwamfuta. Abin da tsarin bayanai bai tanadar wa gurbi ba, a wurin mai rabo babu shi.

Yadda kaka yake kayar da jika

Ko da an yi sa'a an jera gonakin, akwai ramin da ba a gani. A ce ajin Gona yana ajiye girman fili da eka. GonarHatsi tana ɗaukar wannan adadi ta lissafa buhun taki, GonarGero kuma ta ɗan gyara lissafin. Bayan shekara guda wani sabon ma'aikaci ya mayar da ma'aunin ajin Gona zuwa hekta, saboda haka hukuma take buƙata a rahotonta. Ya gwada ajin da ya taɓa, lafiya lau. Amma hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, don haka manomin da ya cancanci buhu biyar sai manhaja ta rubuta masa biyu. Ba wani saƙon kuskure da zai fito. Irin wannan ɓarna tana iya faruwa ko babu gado, sai dai gado yana buɗe mata ƙofa, domin yana ba jika damar zura hannu kai tsaye cikin kayan kaka, ya kuma ɓoye dogaron a shafuka uku da ba mai karanta su tare. Masu sana'ar sun daɗe da ba wannan ciwo suna: matsalar ajin tushe mai saurin karyewa.

Akwai kuma ramin kamanni. Wake a buhu yake, da kwano ake auna shi, layi ɗaya ake sayar da shi da gero da dawa. Ɗalibin da yake neman rage rubutu zai sa ajin Wake ya gaji Hatsi don ya sami lissafin awo da farashi a ɓagas. Tare da su zai gaji lissafin takin yuriya, alhali wake yana cikin tsirran da saiwarsu take jawo sinadarin naitirojin daga iska, buƙatarsa ta takin ba ta kai ta hatsi ba. Barbara Liskov ta Jami'ar MIT ta gindaya ma'aunin wannan a wani jawabi a 1987: aji bai cancanci zama ɗan wani ba sai in za a iya sa shi a duk gurbin uban ba tare da wani abu ya lalace ba. Bahaushe ya riga ya taƙaita zancen, kama da wane ba ta wane.

Abin da masu sana'ar suka gano

Waɗanda suka fi kowa amfani da gado su ne suka fara jan kunne a kansa. A 1994 Erich Gamma da Richard Helm da Ralph Johnson da John Vlissides suka fitar da littafinsu kan zubin tsara manhaja, ɗaya daga cikin littattafan da suka fi tasiri a fagen, kuma tun a babin farko suka ba da shawarar a fifita harhaɗa abubuwa a kan gadon aji. Joshua Bloch, wanda ya tsara wani babban sashe na ɗakin kayan Java, ya maimaita shawarar a littafinsa na 2001. Java ɗin kanta tana ɗauke da tabon wannan kuskure: ajin Stack, wanda ya kamata a riƙa sa abu da cire shi ta sama kawai, an sa ya gaji Vector, sai ya gaji ikon cusa abu a tsakiya. Ba a iya gyarawa ba saboda manhajoji masu yawa sun riga sun dogara da shi, sai dai takardun Java suka koma ba da shawarar a yi amfani da wani daban. Harshen Go da Google ya fitar a 2009, da Rust wanda cikakken zubinsa na farko ya fito a 2015, duka biyun an gina su ba tare da gadon aji ba.

Harhaɗawa ba wani abu ba ne mai wuya. Tambayar da ake yi ce take sauyawa. Maimakon a tambayi wane nau'i ce wannan gona, sai a tambayi me take da shi. Gona aji ɗaya ce. Tana da jerin shuke-shuke na kowace damina, tana da hanyar mallaka wadda take da ranar farawa da ranar ƙarewa, tana da irin ƙasa, tana da bishiyoyi. Kowace shuka ita ta san buƙatarta ta taki. In an fanshi jingina, guntu ɗaya za a sauya. In manoman yankin sun koma shuka riɗi ko waken suya, shuka ɗaya za a ƙara. Aji 150 sun koma biyar ko shida. Manomin Gezawa da bai taɓa riƙe kwamfuta ba haka yake bayanin gonarsa, da abin da ke cikinta da yadda ta zo hannunsa.

Hujjar masu kare atisayen

Za a ce atisaye ne kawai, kuma yaro da rarrafe yake farawa. Gaskiya ne, ba kuma wanda ya ce a cire gado daga manhajar karatu. Dole ɗalibi ya iya karanta sarƙa mai hawa-hawa, domin zai tarar da ita a kayan aikin da wasu suka gina, daga Android har Django. Akwai ma inda ta dace sarai. A Python, kuskuren raba lamba da sifiri, ZeroDivisionError, ya gaji ArithmeticError, wanda ya gaji Exception, wanda ya gaji BaseException. Hawa huɗu ke nan, kuma yana aiki, saboda kowane na ƙasa nau'in na sama ne na haƙiƙa, ba ya sauya matsayi da damina, mai rubutu kuma zai iya kama kuskure ɗaya tak ko dangin gaba ɗaya. Wannan misali ya fi kare nesa ba kusa ba, tunda yana nuna dalilin yin gadon.

Amma hujjar rarrafe tana da iyaka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da aka maimaita wa ɗalibi sau goma a zangon farko shi zai zama ɗabi'arsa. In duk atisayen da ya yi nasara ce, zai fita da imanin cewa tsawon sarƙa alamar ƙwarewa ce. Wani kuma zai ce Python tana ba aji damar gadon iyaye biyu, don haka gona za ta iya gadon gero da wake tare. Za ta iya, amma haɗi 15 ɗin suna nan, an kuma ƙaro sabuwar rigima ta wane uba za a bi in sun saɓa. Saboda gudun wannan ne Java ta hana aji gadon aji fiye da ɗaya.

Hujja ta ƙarshe ita ce ta jarrabawa: haka tambayar take fitowa, haka za a koyar. Wannan bayani ne na yadda aka kai ga matsalar, ba ya wanke ta. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da burin horar da mutum miliyan uku a fannin fasahar zamani. Yawan masu koyo yana ƙaruwa, don haka kowane gurguwar ɗabi'a da aka koyar za ta yaɗu fiye da da.

Atisayen da ya dace

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar kwamfuta ko ƙarin kasafi. A bar ɗalibi ya rubuta sarƙarsa ta Gona, GonarHatsi, GonarGero a mako na farko, a tabbatar ya gane yadda aiki yake gangarowa daga sama da yadda ake sauya shi a ƙasa. A mako na biyu a ce ya je gida ya tambayi mahaifinsa ko kawunsa abin da aka shuka a kowace gona bara da bana, da yadda kowace ta zo hannunsu, ya dawo ya shigar da amsar cikin sarƙar. Za ta karye a hannunsa, kuma ranar ce zai fara koyo. A mako na uku malami ya sauya eka zuwa hekta a ajin sama ba tare da ya faɗa ba, ɗalibai su nemo inda buhu uku suka ɓace. A na huɗu su sake ginin ta hanyar harhaɗawa, su ƙirga layukan da sai an taɓa kafin a ƙara riɗi a tsohon tsari da kuma a sabo. Maki mafi yawa ya tafi ga bayanin dalilin zaɓi.

Wanda yake son ƙarin aiki, ga shi a ƙofar gida. Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda daga sunansa aka samo kalmar algoridim, ya ware babban kaso na littafinsa na aljabara, da ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, ga lissafin wasiyya da gado. Ɗalibin da ya zauna rubuta manhajar raba gona ɗaya tsakanin mata biyu da 'ya'ya bakwai zai gano da kansa cewa kason magaji ya dogara ne da waɗanda suke tare da shi, kuma sarƙar Kaka, Uba, Ɗa ba za ta lissafa masa ko taku ɗaya ba.

Malaman kwamfuta na Kano suna zaune a tsakiyar misalin da marubutan littattafan waje ba su da irinsa, duk da haka suna aro kare daga shafin wani. Ɗalibansu za su rubuta rajistar da za a duba kafin a ba manomi taki ko bashi. Gara sarƙar ta karye musu a ɗakin karatu, inda asarar maki biyu ce, da ta karye a layin rabon taki ana saura kwana kaɗan shuka.